Muryar Nan Tawa Ce, Ashiru

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga ɗana Ashiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, ya sauke ka Kaduna lafiya, ya kare ka daga sharrin hanya da na direba mai gaggawa, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka zauna. Innarka tana gaishe ka. Ita za ta cusa takardar nan a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin yaji, amma ba ta san abin da ke cikinta ba.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke, waya tana hannuna tana hannunka, me ya kai ni ga biro da takarda? Kwana huɗu ke nan ina neman bakin da zan yi maka magana na rasa. Ranar Litinin na kira ka zaure, ka zo ka durƙusa, sai na ce ka duba mini cajar waya. Ranar Talata na bi ka gonar rake, na tsaya ina kallonka, na juyo gida. Jiya na ɗauki waya zan yi maka saƙon murya, in danna in saki, in danna in saki. Zama ya gagare ni, in na shiga ɗaki in fito, in na fito in koma, har Innarka ta tambaye ni ko basir ne ya tashi. Ba basir ba ne. Magana ce, kuma gara in faɗe ta tun a farkon takarda kafin zuciyata ta sake karaya.

Saƙon muryar nan da ya yaɗu ana gobe zaɓen da ya wuce, wanda aka ce an sauke baƙi da makamai a cocin su Baba Bulus, wanda na rantse maka cewa da kwamfuta aka haɗa shi, ba haɗi ba ne. Muryata ce. Ni na karanta shi da bakina, ina zaune, da hankalina.

In kana so ka ajiye takardar ka sha ruwa. Amma ka dawo ka ƙarasa, don aikin da za ka je yi a ofishin midiya na ɗan takara shi ne aikin da ya kai ni ƙasa, kuma ba a rana ɗaya ya kai ni ba. Ina so ka ga yadda na gangara.

Ka san gidanmu gidan shela ne. Kakanka da ƙafa yake zaga gari yana sanar da rasuwa da gayya da kiran dagaci. Ni na zo na ɗaura lasifika a keke. Da waya ta yawaita, samarin gari suka buɗe mana zauren sanarwa a cikinta, suka sa ni a kai. Yawancin mutanenmu ba sa karatun boko, saboda haka da murya nake aikawa. Lokacin jana'iza, ranar rigakafin yara, akuyar da ta ɓata, motar taki ta iso. In aka ga saƙo daga Isiya Mai Shela, mace ko tuwo take tuƙawa sai ta ajiye muciya ta saurara, don ba ta san wa ya rasu ba. Musulmi da Kirista duk suna ciki. In aka yi mutuwa a unguwar Kirista, Bulus ne zai kira ni, in sanar kamar yadda nake sanar da tamu. 'Yan garinmu da ke zaune Kudan da Ikara da Zariya ta bakina suke jin gida. Ban san girman abin da nake riƙe da shi ba sai da wani ya zo ya gane shi kafin ni.

Sunansa na yanka ban taɓa riƙewa ba, kowa Kodineta yake ce masa. Shi ne mai kula da kamfen ɗin waya na jam'iyyar da nake bi a lokacin. Mutum ne mai ladabi, ka sa wannan a ranka. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ni da gida da gona da gajiya, bai tsallake ko ɗaya ba. Sannan ya ce, "Baba, kai ne gidan rediyon ƙasar nan. Mu da muke Kaduna muna ta kashe kanmu a kan fosta, kai kuwa ka yi tari sau ɗaya gari ya ji."

Kaina ya kumbura, Ashiru. Shekara talatin ina shela ba wanda ya taɓa gaya mini haka. Ya ce alfarma ɗaya yake nema, in sa shi admin, wato mai iko da zauren, na kwana biyu kawai, ya saka ranar taron ɗan takara ya fita. Na miƙa masa wayar ya sa kansa da kansa, don ni ban ma san inda ake dannawa ba.

Kafin mako ya zagayo ya kwashe lambobin gari kakaf. Kowa ya wayi gari a cikin sabon guruf, na mata daban, na matasa daban, na manoma daban, ba wanda aka tambaya. Gwaggo Tabawa, tsohuwar nan mai ƙosai, ta tako har ƙofar gidana da sanda ta ɗaga mini waya. Ta ce, "Isiya, wa ya sa ni cikin 'yan siyasa? Abin nan tun asuba yake kuka kamar ɗan tsako, caji ba ya kai azahar. Datan da aka sa mini in ji muryar 'yata ta Ikara ya ƙare a kallon fuskar wani ƙato yana ɗaga hannu. Kai na ba lambata don in ji mutuwa, ba don wannan ba." Na yi dariya na ce zamani ne, Gwaggo. Ta dube ni ta juya, ko sallama ba ta yi ba.

To ka ji na farko. A ofishin da za ka za a miƙo maka jerin lambobi masu yawan gaske a ce ka zuba su a guruf. Ka tambaya daga ina aka samo su. Kowace lamba akwai wanda ya ba da ita saboda wani dalili nasa, ya ba malamin asibiti, ko shugaban ƙungiyar manoma, ko mai shela irina. Amana ce. In ba ka iya hana a yi ba, to kada ya zama da hannunka aka yi, kuma zauren garinmu kada ka buɗe wa kowa ƙofarsa, ko da ya durƙusa har goshinsa ya taɓa ƙasa.

Na biyu ka san shi, don har yau ana tsokanata da shi. Rijiyar burtsatsen bayan makaranta. An haƙa, an kafa tanki, an shafa masa fentin jam'iyya, ruwa bai taɓa fitowa ba. Kodineta ya zo da masu kamara ya ce bidiyo kawai za a ɗauka, injiniya yana hanya. Aka sa 'yan ga-ruwa suka hau tsani suna juye jarkoki a tankin. Aka tsayar da ni a bakin famfo da babbar rigata ta sallah, aka murɗa, ruwa ya zubo, na tara hannu na sha, na ce, "Alhamdulillahi, ƙishirwa ta ƙare a garinmu." Sau uku aka maimaita don a na farko na ƙware. Kafin a naɗe wayoyin kamara tankin ya bushe.

Bidiyon ya zaga ko'ina. Wani abokina daga Saulawa ya kira ni yana taya mu murna, yana cewa su ma a sa musu baki. Matan garinmu kuwa, in sun dawo daga rafi da tulu a ka suka hango ni, sai ɗaya ta ɗaga murya ta ce, "Malam Isiya, a sammana na famfo mana!" Innarka ta yi wata guda ba ta ajiye mini ruwan alwala ba, ta ce in je famfona.

A lokacin abin dariya na ɗauke shi. Na ce ai ba wanda aka cuta, ruwa dama babu shi, yanzu ma babu shi. Amma an cuta. Shekarar da ta biyo, da masu aikin ruwa suka zo zagaye, sun tsallake garinmu, don a wajensu mu masu famfo ne, ga bidiyo, ga dattijon gari yana sha. Saboda haka duk abin da aka kawo maka ka gyara ka yaɗa, asibiti ne, hanya ce, aji ne, ka tambayi kanka yadda wurin yake bayan masu kamara sun tafi. In da hali ka kira wani ɗan garin ka ji. Kai ka iya sa wa hoto haske da kiɗa har ya fi gaskiyarsa kyau, na gani da idona, kuma wannan iyawar ce take ba ni tsoro.

Akwai kuma wani abu da na gani na yi shiru. Kodineta ya taɓa kai ni ofishinsu na Maƙarfi, wani shago ne a bayan tasha. Tebur ɗaya, wayoyi jere a kai duk a caji, maza uku suna dannawa. Ya nuna mini wani mai gemu ya ce, "Baba, ga Hajiya Maryam." Ashe shafin bogi ne, shi ke rubutu da sunan mace, yana yabon ɗan takara, sannan ya ɗauki wata wayar ya amsa wa kansa da sunan wani malami, ya ɗauki ta uku ya zagi ɗan adawa da sunan ɗalibi. Mutum uku sun zama kasuwa guda. Na yi dariya har da hawaye, na sha lemon da aka ba ni, na dawo gida ina ba da labari. Da tun ranar na tashi na kakkaɓe rigata, da yau ba na rubuta maka wannan. Kai dai duk abin da ba za ka iya faɗa da sunanka da sunan ubanka ba, kada ka faɗe shi da sunan Hajiya Maryam.

Yanzu na zo inda nake ta kewayawa. Na tashi na zaga gida sau biyu kafin in ci gaba.

Ka tuna Rahila 'yar Baba Bulus za a yi wa aure a ranar Lahadin da ke bin zaɓe. Ni da kaina na yi shelar bikin a zaure mako biyu kafin nan, na gayyaci kowa. Dangin ango mutanen kudancin Kaduna ne, suka taho tun ranar Alhamis saboda ranar zaɓe ba a tafiya. Aka sauke su a harabar coci don gidan Bulus ba zai ɗauke su ba. Gonar rakensa kuma tana jikin cocin, masu saran rake in sun tashi hutu a jikin katangar suke jingine addunansu. Duk garin nan ba wanda ya fi ni sanin wannan.

Ranar Juma'a da hantsi Kodineta ya zo. Ya nuna mini hoto a waya, adduna jere a jikin katangar coci, ga baƙin fuskoki a gefe. Ya miƙo mini takarda ya ce in karanta. An rubuta cewa an sauke baƙi da makamai a coci, ana shirin tayar da fitina a rumfar zaɓen unguwar, mata da tsofaffi su zauna a gida, kowa ya yi hattara.

Na ce, "Waɗannan ai 'yan biki ne. Addunan kuma na rake ne."

Ya ce, "Na sani, Baba. Ba wanda za a taɓa. Rumfar nan ce ba tamu ba, duk zaɓe can muke faɗuwa. So muke mutane su ɗan ji tsoro su zauna a gida, shi ke nan. Ranar Lahadi su yi bikinsu lafiya. In muka rubuta ba mai karantawa, in ɗayanmu ya faɗa ba mai yarda. Amma in an ji Isiya Mai Shela ne, magana ta ƙare."

Sannan ya ce mai girma ɗan takara ya san da ni, in an ci za a naɗa ni mai ba da shawara kan wayar da kan jama'a, da katin shaida na ratayawa a wuya. Kada ka nema mini uzuri, Ashiru. Ba a tsorata ni ba, ba yunwa nake ji ba, rumbunmu cike yake a shekarar. Kati nake so a wuyana, in shiga sakatariyar Hunƙuyi a miƙe mini. Ya riƙe mini wayar a bakina, na gyara murya, na fara yadda nake fara sanarwar rasuwa, "Salamu alaikum jama'a, Isiya ne." Da gangan na fara haka, don na san ba mai jin wannan ya ƙi tsayawa.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a aka sake shi. Kafin la'asar ya kai Kudan ya kai Ikara, ya dawo wayata ta hannun mutanen da ban ma sani ba, wasu sun ƙara masa nasu, wai an ga bindigogi. Kodineta ya ce tsoro kawai za a ji. Ya manta, ko bai damu ba, cewa wani in ya ji tsoro gida yake shiga, wani kuwa gora yake ɗauka. Samari daga ƙauyukan gefe suka taho a kan babura. Baƙin suka watse cikin rake da kayan jikinsu. Uwar ango, tsohuwa, ta faɗi a kwalbati ta karye a ƙugu, har yau an ce da sanda take tafiya. Aka kifar da tukwanen biki, aka cinna wa rumfar da Bulus yake dafa mazarƙwaila wuta har da injin matse raken. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, kuma ba don ni ba. Ina tsaye a ƙofar gida ina hangen hayaƙin, wayata tana ta ruri a aljihu na kasa ɗauka.

Washegari rumfar zaɓen ta zama wayam, yadda aka so. Bikin Rahila a garin ango aka yi shi daga baya, ba kiɗa ba taro, ubanta bai samu ya tarbi baƙi a ƙofar gidansa ba. Katin kuwa ya zo. Yana ƙasan akwatina, ban taɓa rataya shi ba.

Ga shawarata a nan, kuma ita ce mafi nauyi. Ranar da wani zai ce maka ba wanda za a taɓa, tsoro kawai za a ji, ka tashi ka bar wurin. Saƙo in ya bar hannunka ba ka da iko da wanda zai ji shi, ba ka san abin da ke jingine a bayan ƙofarsa ba. Musamman duk abin da ya ambaci coci ko masallaci, ko ya ce baƙi, ko ya ce su da mu. A jihar nan ba a wasa da wannan, ka fi ni sani.

Amma ko wannan ba shi ne ya fi hana ni zama ba. Abin da na yi bayansa ne.

Da dagaci ya aiko a kira ni, na kira Kodineta. Ya ce, "Kwantar da hankalinka, Baba. Yanzu kwamfuta tana kwaikwayon muryar kowa. Ka ce haɗi ne, mu za mu taya ka." Kuma sun taya ni. Kafin in isa ƙofar fada su Hajiya Maryam sun cika waya da cewa 'yan adawa sun zalunci dattijo, sun saci muryarsa. Na tsaya gaban dagaci da dattawa na ce wallahi ba ni ba ne. Na ambaci sunan Allah a kan ƙarya, Ashiru, a gaban mutanen da suka san ubana.

Da yamma Bulus ya zo a kan kekensa, rigarsa tana warin hayaƙi. Bai zauna ba. Ya ce, "Isiya, tare muka yi kiwon awaki ni da kai. Ranar da na shiga coci dangina suka juya mini baya, uwarka ce ta ba ni tuwo. Ba fadar dagaci na je ba, wurinka na zo. Gaya mini, muryarka ce?"

Na dubi idonsa na ce, "Haɗi ne, Bulus."

Ya sauke numfashi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Na gode wa Allah. Dama na gaya musu. Sannu, kai ma an cuce ka."

Ni ya yi wa sannu. Ranar Lahadi ya miƙe a coci ya ce duk wanda ya zagi Isiya shi ya zaga. Ya sake gina rumfarsa da ƙyar, kuma kowace shekara mazarƙwailar farko da ya sauke gidan nan yake kawowa, kai kake karɓa a ƙofa. Kun sha tambayata me ya sa ba na ci, na ce haƙori ne. Haƙorana lafiya lau suke.

Sai kai. Tabon da ke girarka ta hagu, a kasuwar Maƙarfi ka samo shi, ranar da wani ya ce ubanka munafuki ne ka hau shi da duka. Ka dawo jini yana zuba, ka ce, "Baba, ba wanda zai faɗa maka haka ina tsaye." Ni na wanke maka ciwon. Daga nan ka tafi Zariya koyon haɗa murya da bidiyo, ka ce sai ka gano yadda aka yi wa ubanka. Ranar da ka dawo ka zaunar da ni a zaure, ka buɗe kwamfuta, ka nuna mini wasu layuka masu hawa da sauka, ka sa yatsa a wani wuri ka ce, "Baba, ka ga nan? Nan ne suka yanka suka haɗa." Fuskarka cike da murna. Ka yi gaskiya, an yanka a wurin. Tari ne ya sarƙe ni ina karantawa, Kodineta ya cire shi.

Ina ƙaunarka, ɗana, ko da ba mu saba faɗa ba. Kuma duk ranar da ka dube ni da wannan yardar sai in ji kamar in nutse. Sana'arka gaba ɗaya a kan ƙaryata ka gina ta, ni kuma ina kallo ina sa maka albarka.

Da na ci gaba da shiru har kabari, ba zan ɓoye maka ba, niyyata ke nan. Amma ranar da ka kawo mini takardar ɗaukar aiki, ka nuna mini hoton shugaban ofishin a wayarka, nan take na gane fuskar. Shi ne. Ya sauya jam'iyya, ya yi ƙiba, yanzu Darakta ake ce masa, amma Kodineta ne. Ka ce da ya ji sunan garinmu da sunana ya yi murmushi ya ce ba sai an yi maka wata tambaya ba. Na san wannan murmushin. Ya san abin da ba ka sani ba game da ubanka, kuma zai ajiye shi har ranar da zai miƙo maka irin takardar da ya miƙo mini ka ce a'a. Ranar zai gaya maka, ko ya ce zai gaya wa duniya. Ba zan bari ka shiga ofishin nan da igiya a wuyanka wadda ni na saƙa ba. Yanzu ka ji daga bakina, ba abin da ya rage a hannunsa.

Ban ce kada ka yi aikin ba. Ka girma, kuma aikin kansa ba haramun ba ne. A gaya wa mutane ranar zaɓe da inda rumfarsu take, a karanta wa wanda bai iya karatu ba abin da ɗan takara ya yi alkawari, a ajiye maganarsa don a tuna masa bayan ya hau, duk wannan shela ce, gadon gidanku ne. In ka ga za ka iya yin ta da tsabta a ƙarƙashin mutumin nan, ka zauna. In ka ga ba za ta yiwu ba, gonar rake tana nan, kuma dawowa ba abin kunya ba ne. Ka riƙe sallarka a kan lokaci, ka ci abinci, kada ka bar wayar nan ta cinye maka ido. Ka riƙa kiran Innarka ko da ni ba ka son jin muryata.

Ga abin da zan yi. Gobe in motarku ta tashi, daga tasha ba gida zan dawo ba, gonar Bulus zan wuce. Zan gaya masa a tsaye, yadda ya tambaye ni a tsaye. Ban san abin da zai yi ba, kuma duk abin da ya yi daidai ne. Daga can in gaya wa Innarka, sannan dagaci. Ranar Juma'ar mako mai zuwa in an sauko daga masallaci zan yi saƙon murya a zauren sanarwa, in faɗi duk abin da na rubuta maka, da sunana.

A nan ne nake da roƙo a wurinka. Tun bayan fitinar nan kai samari suka ɗora a kan zauren, kai kake goge duk saƙon da ba ka yarda da shi ba. In nawa ya shigo, hannunka zai yi ƙaiƙayi. Kada ka goge. Kuma na san mutanenmu, shekara uku ina koya musu cewa ana satar murya, da yawa za su ce wannan ma haɗi ne, 'yan adawa sun sake yi wa dattijo sharri. Wasu don ƙauna za su faɗa. Ba wanda za su tambaya sai kai, don kai ne ɗan garin da ya san aikin. Wayarka za ta yi ta ruri. Kalma ɗaya daga bakinka za ta wanke ni karo na biyu, kuma ba wanda zai taɓa ganewa.

Ka buɗe kwamfutarka, ka sa saƙon, ka duba layukan nan da kyau tun daga sallama har ƙarshe. Ba za ka samu inda aka yanka ba, ko tari na yi zan bar shi. Sannan ka gaya musu abin da ka gani.

Allah ya tsare mini kai a tafiyarka da zamanka, ya tsare idonka da yatsunka da harshenka, ya raba ka da masu daɗin baki, ya ba ka abincinka ta hanyar da ba za ka sunkuyar da kai ba. Allah ya kawo mu zaɓen nan lafiya ya fitar da mu lafiya, mu da maƙwabtanmu baki ɗaya. Ya yafe mini, ya sanyaya zuciyar waɗanda na cuta. In ka sauka ka sanar da Innarka. Ni ba sai ka kira ni ba, sai ranar da ka ga za ka iya.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka, in har ka yarda in ci gaba da sa hannu haka,
Isiyaku